Wace Na'urar Gano Ƙarfe Ta Dace da Ƙasar Sakkwato? Kwatanci ga Mai Neman Tsoffin Kuɗi da Kayan Ado

Wanda ya yi niyyar sayen na'urar gano ƙarfe domin neman tsoffin kuɗi da kayan adon da suka ɓace a ƙasa yakan sami kansa a gaban zaɓi huɗu: na'ura mai araha wadda ba a san kamfaninta ba, na'urar sanannen kamfani mai aiki da zango ɗaya (zango shi ne saurin kaɗawar siginar da na'ura ke aikawa cikin ƙasa), wadda ke aiki da zanguna da yawa a lokaci guda, da kuma manyan na'urorin da aka ƙera domin masu neman ɗanyen zinari. Tazarar farashi tsakanin ta farko da ta ƙarshe tana iya kai ninki ɗari, amma duk masu tallarsu abu ɗaya suke kururutawa, wato zurfi. A ganina zurfi ne ma'aunin da ya fi ƙarancin amfani ga wanda zai yi wannan aiki a Sakkwato da kewayenta. Abin da zai raba mai samu da mai wahalar banza shi ne yadda na'urar ke jure ƙasa mai tama, da yadda take rarrabe kwabo daga ƙusa, da kuma tabbacin cewa ita kanta na'urar ba jabu ba ce.

Abin da ake sa ran samu

Daular Usmaniyya da wuri ta yi cinikinta, shi kuwa wuri ƙwanson halittar teku ne, babu na'urar gano ƙarfen da za ta ji shi komai tsadarta. Saboda haka wanda ya sayi na'ura da begen tono tulun dinarin zamanin Shehu ya ɗora lissafinsa a kan abin da ba shi ne kuɗin kasuwa ba a wancan lokaci. Kuɗin ƙarfen da ya yi suna kafin zuwan Turawa shi ne liyari, babbar azurfar ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, kuma da yawa daga cikinsu maƙeran fari sun narkar sun mayar da su zobba da mundaye.

Abin da ya fi yawa a ƙasa kuɗin zamanin Turawa ne. A 1907 aka fara buga anini da kwabo masu huji a tsakiya, ɗauke da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. Aninin farko ma na alminiyom ne, kafin a koma gaurayen jan ƙarfe da nikel a 1908. A 1913 aka fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa, sannan a 1920 aka daina azurfar aka koma gaurayen tagulla mai ruwan ɗorawa. Bayansu sai kuɗin Tarayyar Nijeriya na 1959, da kwabban 1973 da suka zo tare da naira, da waɗanda aka buga daga 1991 zuwa gaba, waɗanda galibinsu baƙin ƙarfe ne aka lulluɓe. A ɓangaren ado kuma akwai zoben azurfa na maza, da 'yan kunne da awarwaro da sarƙoƙin mata da ke faɗuwa a filin idi da wuraren biki da mashigar kogi.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, kuma ba su cika wuce taƙi guda a cikin ƙasa ba, in ban da a jigawa inda iska ke tara rairayi, ko a bakin kogin Rima da kogin Sakkwato inda ambaliya ke shimfiɗa sabuwar laka. Kowace na'ura ta gaskiya tana jin kwabo a zurfin santimita 15 zuwa 25 idan ƙasar tana da kyau.

Ma'aunan da za a duba

Na farko shi ne jure ƙasa. Tuddan da ke kewaye da birnin Sakkwato marmara ce a samansu, kuma jar tsakuwar da ke gangarowa daga gare su tana ɗauke da tama. Na'ura tana jin wannan tamar kamar yadda take jin ƙarfe, sai ta yi ta kukan ƙarya, ko kuma ta rasa rabin zurfinta. Maganin wannan shi ne abin da ake kira daidaita ƙasa: mai na'ura ya ɗaga faifan da ke ƙasan sandarta, wanda ake shawagi da shi a kan ƙasa, ya sauke shi sau da yawa a wuri marar ƙarfe har na'urar ta koyi muryar ƙasar ta daina amsa mata. Wasu na'urorin an ɗaure musu wannan saiti tun daga masana'anta, ba a iya taɓa shi, kuma a nan ne suke gazawa a jar ƙasa. Tsoffin kufai sun fi wahala, domin ban da tama akwai kashin maƙera da ƙonannen kasko, duk kuwa suna sa na'ura magana.

Na biyu shi ne tantance ƙarfe a cikin tarkace. Wurin da mutane suka daɗe suna zubar da kuɗi shi ne wurin da suka daɗe suna zubar da ƙusa da murfin kwalba da guntun gwangwani. Na'ura mai kyau tana nuna lamba a fuskarta ga kowane abu, tana kuma saurin rabuwa da ƙarar ƙusa ta kama ta kwabon da ke kusa da ita. Akwai wani tarko a nan da ya kamata sabon shiga ya sani tun da wuri. Azurfa da jan ƙarfe suna ba da lamba ta sama, amma zoben zinari da kwabo mai huji na gaurayen nikel suna faɗowa ne a tsakiya ko ƙasa-ƙasa, daidai inda takardar sigari mai ƙyalli da mabuɗin gwangwanin lemo suke. Wanda ya umarci na'urarsa ta yi shiru a kan alminiyom domin ya huta da tono ya umarce ta ke nan ta tsallake zinari.

Na uku shi ne zango, wanda ake aunawa da kilohaz. Ƙaramin zango, kamar 5 zuwa 8, ya fi jin manyan kuɗin azurfa da jan ƙarfe. Babban zango, daga 15 zuwa sama, ya fi jin ƙananan abubuwa irin ɗan kunne da siririn zobe. Siririyar sarƙar zinari kuwa tana ba kusan kowace na'ura wuya, saboda na'urar ba ta ganin sarƙar a dunƙule, kowane ɗan zobenta take gani shi kaɗai.

Na huɗu shi ne ƙarko. Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40, ƙurar hunturu tana shiga kowace kafa, ruwan damina kuma ba ya sallama. Na'urar da aka rufe domin shiga ruwa ita ce kuma ta fi hana ƙura shiga, don haka wannan siffa tana da amfani ko ga wanda ba zai taɓa kusantar kogi ba. Batun wuta ma yana nan: wasu na'urorin suna amfani da ƙananan batura masu alamar AA da ake samu a kowace tireda, wasu kuma batirinsu a ciki yake, ana yi masa caji kamar waya.

Na ƙarshe su ne farashi da haɗari. Farashin da zan ambata da dalar Amurka ne a ƙasashen da ake sayar da na'urorin kai tsaye, kuma kiyasi ne; sai a ƙara kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kasuwa, sannan a juya zuwa naira da canjin ranar.

Zaɓi na ɗaya: mai araha marar suna

Ana samun irin waɗannan a shagunan intanet a kan dala 30 zuwa 80. Suna jin ƙarfe, ba a musa wannan ba, amma ba su da daidaita ƙasa na gaskiya, tantancewarsu ta maɓalli ɗaya ce, kuma robar jikinsu ba ta jure rana. A rairayi mai tsabta za su nuna mabuɗin da ya faɗi jiya. A jar ƙasa kuwa kuka suke yi ba ƙaƙƙautawa, har mai su ya yanke hukuncin cewa sana'ar ce gaba ɗaya ba ta da kai. Ba garanti, ba kayan gyara.

Zaɓi na biyu: sanannen kamfani, zango ɗaya

Wannan shi ne rukunin da masu sayarwa ke rubuta wa VLF, kuma a nan ya kamata mai zaɓi ya fi daɗewa, domin na'urorin da ke cikinsa sun yi kama a farashi amma sun bambanta a abin da ya fi damun ɗan Sakkwato. Jerin Ace na kamfanin Garrett na Amurka ya daɗe yana koyar da sababbin shiga: Ace 250 tana aiki a kilohaz 6.5, Ace 300 a 8, Ace 400 a 10, dukkansu da batura huɗu na AA. Suna da sauƙin koyo da ƙarko, sai dai saitin ƙasarsu a ɗaure yake, kuma akwatin sarrafa su ba ya shiga ruwa. A fadama da jigawa ba za a ga aibinsu ba; a kan marmara za a gani.

Simplex+ ta kamfanin Nokta na Turkiyya tana aiki a kilohaz 12, tana daidaita ƙasa da kanta ko da hannu, tana shiga ruwa har zurfin mita 3, batirinta kuma na caji ne ta wayar USB, wanda ke nufin ƙaramin faifan sola ya ishe ta. X-Terra Pro ta kamfanin Minelab na Ostireliya ita ma tana daidaita ƙasa, tana shiga ruwa, sannan tana ba mai ita damar sauya zango tsakanin 5 da 8 da 10 da 15, ɗaya bayan ɗaya. Farashin wannan rukuni yana tsakanin dala 200 da 350, in ban da irin su Garrett AT Pro mai kilohaz 15 da ta fi haka.

Abin da za a yi hattara da shi a masu batirin ciki shi ne zafi. Barin na'ura a cikin rufaffiyar mota da tsakar rana yana rage wa batirin kwana, kuma sauya shi ba kamar sauya na tocila ba ne. Wanda ya ɗauki wannan rukuni zai buƙaci 'yan makonni kafin kunnensa ya saba, amma ba abin da zai gagare shi.

Zaɓi na uku: zanguna da yawa a lokaci guda

Waɗannan suna aika zanguna da dama tare, su haɗa amsoshin su fitar da hukunci ɗaya. Amfanin hakan biyu ne: lambar da suke nunawa ta fi tsayawa wuri ɗaya ko da abin ya yi zurfi, kuma ba sai an zaɓi tsakanin neman fataka da neman ɗan kunne ba. Minelab ce ta yaɗa wannan salo ga talakawan masu sha'awa da Equinox a 2018, sannan ta biyo da jerin Vanquish mai rahusa. Nokta ta fito da Legend, kamfanin XP na Faransa kuma yana da Deus II.

Sai dai rukunin ba ɗaya ba ne. Vanquish 340 da 440 da 540 suna tsakanin dala 200 da 400, suna amfani da batura AA, kunna su kawai ake yi a fara aiki, amma ba su da daidaita ƙasa na hannu kuma akwatinsu ba ya shiga ruwa. Legend da Equinox suna da komai, suna kuma tsakanin dala 500 da 1,100, Deus II ta haura haka. Yawan saitin da ke cikinsu alheri ne ga wanda ya ƙware, amma yakan rikita sabon shiga, ya yi ta taɓe-taɓe har ya lalata saitin da ya zo da kyau daga masana'anta. Ya kamata kuma a faɗi gaskiya cewa babbar fa'idar wannan salo a bakin teku take bayyana, inda gishiri ke rikita na'urar zango ɗaya, mu kuwa ba mu da teku. Abin da ya rage mana na ribarsa shi ne tsayayyar lamba a jar ƙasa da iya tsinto kwabo a cikin ƙusoshi, kuma wannan riba ce ta gaske ga mai yawan fita, ba ga mai fita sau ɗaya a wata ba.

Zaɓi na huɗu: na'urorin ɗanyen zinari

Iri biyu ne. Akwai masu babban zango kamar Gold Monster 1000 mai kilohaz 45, akwai kuma masu harba bugun lantarki, waɗanda ake rubuta wa PI, kamar jerin GPX da farashinsu ya kai dala dubbai. Masu bugun lantarki ba sa damuwa da tama kuma sun fi kowa zurfi, amma kusan ba sa tantancewa: a tsohuwar kasuwa za su sa mutum tonon kowace ƙusa. Ban da haka, yawancin ƙasar Sakkwato shimfiɗar laka ce da yashi da farar ƙasa, irin wadda ake yin siminti da ita a Kalambaina. Duwatsun da ke ɗauke da zinari suna can wajen Anka da Maru da Bukkuyum a Zamfara, da Yawuri a Kebbi. Neman ɗanyen zinari kuma haƙar ma'adinai ne, wanda dokar 2007 ta sa a hannun Gwamnatin Tarayya, sai da lasisi, kuma kowa ya san abin da ya biyo bayan haƙar a Zamfara, daga gubar dalmar 2010 da ta kashe ɗaruruwan yara zuwa dakatar da haƙar da aka yi a 2019 saboda tsaro. Wannan wata sana'a ce daban, na'urarta ma daban.

| Na'ura | Farashi da dala | Jar ƙasa | Tantancewa | Ƙarko | Koyo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Marar suna | 30–80 | Rauni | Rauni | Kaɗan | Sauƙi | Asarar kuɗi |
| Zango ɗaya, ɗaurarren saiti | 200–350 | Matsakaici | Da kyau | Da kyau | Sauƙi | Yawan jabu |
| Zango ɗaya, mai daidaita ƙasa | 250–350 | Da kyau | Da kyau | Sosai | Matsakaici | Zafi ga batir |
| Zanguna da yawa, ƙarama | 200–400 | Da kyau | Sosai | Matsakaici | Sauƙi | Ruwa da ƙura |
| Zanguna da yawa, babba | 500–1,500 | Sosai | Sosai | Sosai | Wuya | Tsadar gyara |
| Bugun lantarki | Dubbai | Sosai | Kusan babu | Da kyau | Wuya | Jabu, doka, tsaro |

Akwai na biyar da ban sa a jadawalin ba saboda ba na'ura ba ce, wato sandunan nan masu eriya mai juyawa da ake cewa suna hango zinari daga nisan kilomita. Hannun mai riƙewa ne ke juya eriyar. A 2013 wata kotu a Ingila ta ɗaure wani ɗan kasuwa, James McCormick, shekara goma saboda sayar wa Iraƙi da wasu ƙasashe irin wannan sanda da sunan na'urar gano bam.

Yadda ake gane na'urar jabu

Tun lokacin da neman zinari ya ɓarke a Sudan da ƙasashen Sahel aka cika kasuwannin Afirka da kwaikwayon GPX, kuma Ace 250 da ƙaramar na'urar Garrett da ake riƙewa a hannu domin laluben abu a cikin rami ma an kwaikwaye su sosai. Kwalin da tambarin sukan yi daidai, abin da ke ciki ne ya bambanta. Alama ta farko farashi ne: sabuwar na'urar dala 300 ba ta zuwa a kan 90. Ta biyu lambar jikin na'ura, wadda ya kamata ta dace da ta kwali, a kuma tura wa kamfanin ko dilansa da ke cikin jerin shafinsa na intanet ya tabbatar kafin a biya. Ta uku gwaji. Kada a yarda da ramin da mai sayarwa ya shirya, kada kuma a gamsu da wulga kwabo a iska a gaban faifai, domin a iska kowace na'ura gwana ce. Mai saye ya zo da nasa sulen da ƙusa da zobe, ya zaɓi wuri mai jar ƙasa, ya binne su a zurfin taƙi, ya ga ko lambar sulen tana maimaita kanta daga kowace kusurwa. Wannan gwaji ya wajaba a kan na'ura ta hannu ma, tare da duba tsagewa a kunnuwan faifai da karaya a wayarsa.

Yadda ake gane abin da aka tono

Fitowa daga ƙasa ba shaidar gaskiya ba ce. An yi jabun sule da fataka tun zamanin Turawa, har hakan ya sa aka fara yi wa gefensu wata tsaga ta musamman daga 1938, kuma kayan GL da ake ɗauka zinari ne suna faɗuwa a wurin biki fiye da na gaske saboda sun fi yawa a wuyan mutane.

Ido ne gwaji na farko kuma kyauta ne. Zinari mai kyau yana fitowa daga ƙasa da launinsa kamar jiya ya faɗi. Wanda aka yi wa ruwan zinari yakan fito da kore-kore a gaɓoɓi da wuraren gogayya. Azurfa takan yi toka-toka ko baƙi. Da gilashin ƙara girma mai ninki goma ana duba hatimi: 999 na nufin karat 24, 916 na 22, 875 na 21 wanda aka fi kawowa daga Saudiyya, 750 na 18, 925 kuma na azurfa. Hatimi dai da'awa ce, kowa na iya buga shi. A kan kuɗi ana neman ƙananan ramuka kamar na kumfa, da rubutu mai kauri marar kaifi, da layin haɗi a gefe, waɗanda duk alamun zubi ne, alhali kuɗin gaske bugawa ake yi. Shekarar da ke jiki ma tana tona asiri: sulen Afirka ta Yamma mai bishiyar kwakwar manja da ya nuna 1925 amma ya yi fari fat, an shafe shi ne ko an ƙirƙire shi, domin a wannan shekara ba a buga na azurfa ba.

Maganaɗisu yana kore ƙarya ne kawai, ba ya tabbatar da gaskiya. Abin da ya manne masa ba zinari ba ne ba azurfa ba, amma tagulla da dalma ma ba sa mannewa.

Sikelin da ke auna kashi ɗaya cikin ɗari na giram shi ne kayan aikin da ya fi biyan kuɗinsa, kuma bai kai dala 20 ba.

| Kuɗi | Nauyi da giram |
|---|---|
| Taron azurfa | 1.41 |
| Sisin azurfa | 2.83 |
| Sule | 5.66 |
| Fataka | 11.31 |
| Liyari | 28.07 |
| Fam ɗin zinari na Ingila | 7.98 |

Wanda ya sha hannu yakan ragu kaɗan, amma ba ya ƙaruwa. Da wannan sikeli ake yin gwajin ruwa. A auna zoben a rubuta, a ɗora ƙaramin kofin ruwa a kan sikelin a mayar da shi sifiri, sannan a ɗaure zoben da zare a saukar da shi cikin ruwan ya nutse ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba. A raba nauyin farko da lambar da ta fito. Zinari tsantsa yana ba da 19.3, karat 22 kusan 17.7, karat 18 kusan 15.5, azurfa kusan 10.3, tagulla kuwa 8.5. Misali, zobe mai giram 5 idan na karat 18 ne zai nuna kusan 0.32 a cikin ruwa, idan na tagulla ne zai nuna kusan 0.59, tazarar da ba ta buƙatar gardama. Gwajin ba ya aiki a kan awarwaro mai rami a ciki ko zobe mai dutse.

Dutsen gwaji da ruwan asid a bar wa maƙerin fari ko mai shagon gwal, domin ruwan yana ƙona fata, kuma fatar abin kawai yake gwadawa sai an ɗan kankare. Kada a yarda a kankare tsohon kuɗi, kada kuma a goge shi da toka ko yashi ko lemun tsami, saboda masu tara kuɗi sun fi son sa da dattinsa.

Liyari yana da nasa ruɗanin. Duk wanda aka buga bayan rasuwar sarauniyar yana ɗauke da 1780, har waɗanda ake bugawa a zamaninmu, don haka shekarar ba ta nuna tsufa. Na gaske azurfarsa kashi 833 ce cikin dubu, yana da rubutu a kewayen gefensa, kuma darajar mafi yawansu ba ta wuce ta azurfar da ke jikinsu da yawa ba. Haka kwabo mai huji, har da na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas: an buga su da yawa, kuɗinsu kaɗan ne. Duk wanda ya zo da labarin cewa akwai jar zaiba a cikin tsohon kwabo ko tsohon keken ɗinki, kuma wani baƙo zai saya da miliyoyi idan an biya kuɗin gwaji, ɗan damfara ne.

Doka da haƙƙin mutane

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana tonon kayan tarihi ba da izininta ba, ta kuma hana cinikinsu da fitar da su waje. Saboda haka Surame da Alƙalawa da Degel da Tabkin Kwatto da makamantansu ba wuraren gwada na'ura ba ne, balle Hubbaren Shehu ko kowace maƙabarta. Wanda ya ci karo da abin da ya yi kama da na tarihi ya bar shi a inda yake ya sanar da gidan tarihi na ƙasa ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Gona da fili kuma suna da masu su, sai an nemi izininsu da na mai unguwa ko hakimi, a kuma cike kowane rami. A halin tsaron da ake ciki, musamman a gabashin jihar, baƙon da aka gani a daji da na'ura a hannu za a yi masa fassarar da ba zai so ba. Harsashi ko abin da ya yi kama da shi ba a taɓa shi.

A shari'a kuma zoben da ya faɗi a filin idi tsintuwa ne, ana cigiyarsa shekara guda, ba kamar rikazi ba, wato dukiyar da aka binne tun jahiliyya, wadda ake fitar wa humusi. Mai neman kayan ado ya san cewa mafi yawan abin da zai samu yana da mai shi a raye.

Wa ya dace da wace

Wanda yake son ya gwada ko abin zai kama ransa, ya nemi aron na'ura ko ya sayi ta hannu daga sanannen kamfani bayan ya yi mata gwajin rami, maimakon sabuwa marar suna. Wanda zai fi yawo a fadama da jigawa da filayen wasa, kuma wuta ba ta ishe shi ba, Ace ko Vanquish masu batura AA sun wadatar da shi, Vanquish ta ɗan fi idan akwai tarkace. Wanda gonakinsa da wuraren izininsa ke kan jar ƙasa, wanda shi ne halin mafi yawan mutanen kewayen birni, ya ɗauki mai zango ɗaya da ke daidaita ƙasa kuma take shiga ruwa, irin Simplex ko X-Terra Pro. Ita nake ganin ta fi dacewa da yawancin masu karanta wannan. Mai son taimaka wa mata gano 'yan kunne da zobba bayan biki ya fifita zango 15 zuwa sama da ƙaramin faifai, ya ƙara da ƙaramar na'urar hannu mai nuna daidai wurin da abu yake a cikin rami, wadda ke tsakanin dala 50 da 150. Legend ko Equinox ta wanda ya riga ya shekara yana fita ce, ya kuma san abin da na'urarsa ta farko ta kasa yi masa. A kowane hali, a cikin kuɗin da aka tanada a ware na sikeli da gilashin ƙara girma da maganaɗisu da abin sauraro na kunne tun kafin a zaɓi na'urar, ko da hakan zai sa a sauko mataki ɗaya a jadawalin.